Kun Tambaya, Mun Amsa: Ina Mata Suke a Tarihin Katun?

A fitowar da ta gabata mun ambata, a cikin layi biyu kacal, cewa dogon fim ɗin katun mafi tsufa da ya rage a duniya aikin wata Bajamushiya ne. Ba mu zaci maganar za ta ta da ƙura ba, sai ga wasiƙu suna ta shigowa, wasu na neman ƙarin bayani, wasu kuma na zargin mun yi tuntuɓen alƙalami. Saboda haka muka keɓe filin wannan wata ga wannan batu, muka zaɓi wasiƙu shida, muka taƙaita waɗanda suka yi tsawo.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin firamare ne, kuma abin da na taso na sani, har na sha faɗa wa ɗalibaina, shi ne Walt Disney ne ya ƙirƙiro katun, kuma Snow White shi ne dogon fim na farko da aka yi da zane. Yanzu kun zo da wata magana dabam. Wacce za mu kama?
Daga wani malami a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba kai kaɗai ka taso da wannan fahimta ba, domin kamfanin da ya fi kowa ƙarfin talla shi ne labarinsa yake fin yaɗuwa. Amma ka duba shekaru. An haifi Walt Disney a 1901, alhali tun ranar 28 ga Oktoba 1892 wani Bafaranshe, Émile Reynaud, ya fara haska wa jama'a zane mai motsi a birnin Paris, shi ya sa har gobe ake bikin ranar katun ta duniya a wannan rana. A 1908 wani Bafaranshen, Émile Cohl, ya fito da ɗan gajeren fim wanda bai kai minti biyu ba, amma ya ci zane kusan 700. A 1917 Quirino Cristiani ya yi dogon fim na katun a ƙasar Ajantina, sai dai gobara ta cinye shi, ba a tsira da kofi ko ɗaya ba. Snow White kuwa sai a watan Disamba na 1937 ya fito.

Kafin mu zo ga matar da muka ambata, yana da kyau a san yadda aikin yake, don a gane nauyin abin da ta ɗauka. Fim ba kome ba ne illa hotuna tsayayyu da ake haskawa a jere da sauri, 24 a cikin daƙiƙa ɗaya, har ido ya ruɗu ya ga kamar motsi. Mai ɗaukar mutane kyamara ce take yi masa wannan aiki. Mai katun kuwa shi zai samar da kowane hoto da hannunsa. Ko da an bi dabarar da aka saba bi ta ɗaukar kowane zane sau biyu, wato zane 12 a daƙiƙa, fim na minti goma zai buƙaci zane 7,200.

Sunan matar Lotte Reiniger, an haife ta a Berlin a 1899. Tun tana yarinya ta kamu da son wasan inuwa irin na mutanen Sin, inda ake riƙe 'yan siffofi a tsakanin fitila da farin ƙyalle, kuma ta gwanance da almakashi har tana iya yanka kamannin fuskar mutum a baƙar takarda yana tsaye yana kallo. Shigarta harkar fim ma da ban dariya. A 1918 ana shirya wani fim a kan mai sarewar nan na tatsuniyar Jamusawa wanda ɓeraye suke bi, aka kawo ɓeraye masu rai aka sake su, kowanne ya kama gabansa. Sai aka koma ga ɓerayen katako, ana matsa su kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hoto, ita kuma tana cikin masu matsawar. A nan ta ga abin da za ta yi da rayuwarta.

A 1923 wani ma'aikacin banki mai suna Louis Hagen ya ba ta jari da wani ɗaki a saman garejinsa a garin Potsdam. Shekara uku ta yi a ɗakin, tare da mijinta Carl Koch wanda yake riƙe da kyamara, da wasu 'yan abokan aiki da ba su kai yatsun hannu biyu ba, cikinsu har da Walter Ruttmann da Berthold Bartosch waɗanda suka yi mata hadari da igiyar ruwa da taurari. Ba zane take yi ba. Tana yanka mutum ne a baƙin kwali da falle-fallen dalma, kai dabam, dantse dabam, kowace gaɓa dabam, ta haɗa su da siririyar waya yadda za su lanƙwashe. Sai ta shimfiɗa shi a kan teburin gilashi, fitila na haskowa daga ƙasa, kyamara na kallo daga sama. Ta ɗaga hannun siffar da ɗan abin da bai kai faɗin farce ba, a ɗauka, ta sake ɗagawa, a sake ɗauka. Rufin ɗakin gajere ne, don haka teburin ya kasance kusa da ƙasa, a durƙushe ta yi yawancin aikin. Don a sami nisa da kusa a cikin hoto, sai suka jera gilasai hawa-hawa a ƙarƙashin kyamara, dabarar da kamfanin Disney ya faɗaɗa ya yi suna da ita fiye da shekara goma bayan haka.

Fim ɗin ya fito a 1926 da sunan Die Abenteuer des Prinzen Achmed, wato abubuwan da suka sami Yarima Ahmad, yana da tsawon minti 65 ko kusa da haka, hotunan da ke cikinsa kuma kimanin 96,000. Labarin ba baƙo ba ne ga duk wanda ya karanta Dare Dubu da Ɗaya: akwai doki mai tashi sama, da Aladdin da fitilarsa, da tsibiran aljanu. Ba za mu rufe ido ga aibinsa ba, domin mugun labarin wani boka ne Ba'afirke, kuma an yanka shi da irin kamannin da Turawan wancan zamani suke yi mana. Duk da haka, wanda ya ga yadda yatsun gimbiya suke motsi, ko yadda lesin rigarta yake ɗauke da ƙananan huji da aka yanka ɗaya-ɗaya, zai san cewa gwana ce ta yi. Asalin fim ɗin ya salwanta a yaƙin duniya na biyu, amma an sami kofi a Landan, daga shi aka farfaɗo da wanda ake kallo a yau. Ita kuwa ta bar Jamus a zamanin Hitila, ta yi ta yawo daga ƙasa zuwa ƙasa, daga baya ta zauna a Ingila, ta yi fina-finai sama da 40, ta rasu a 1981. Saboda haka, Malam, ka ce wa ɗalibanka Snow White shi ne dogon fim na farko da aka yi da zanen hannu mai launi a Amurka, wannan gaskiya ce, amma an riga shi da shekara 11.

Tambaya: Malam, ina karatun zane-zane ne, kuma ina yawan kallon tsofaffin katun na Amurka. In an zo wajen sunayen ma'aikata, kusan duka maza nake gani. Matan can ne ba su da sha'awar aikin, ko hana su aka yi?
Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: 'Yata, suna nan, kuma a wasu kamfanonin sun kai ɗaruruwa. Sunayensu ne ba a rubutawa. Abin ya samo asali daga wata dabara da Earl Hurd ya yi wa rajista a 1914, wato yin zane a kan wata irin leda mai ƙarfi wadda ake gani ta cikinta, ana ce mata sel. Kafin nan, in mutum yana tafiya a gaban gida, sai an sake zana gidan a kowane hoto. Da sel ta zo, sai a zana gidan sau ɗaya a takarda, a riƙa aza mutumin a kai. Wannan ya rage wahala ƙwarai, amma ya mayar da katun aikin masana'anta, kowa da ɗan yankinsa. Babban mai zane yana zana muhimman motsi da fensir, yaransa su cike na tsakani, daga nan a kai takardun sashen tawada da fenti. Can ɗin nan aka tara mata.

Ki kwatanta a ranki mace zaune a tebur da farar safar hannu don kada zufar yatsa ta ɓata sel. Ta aza ledar a kan zanen fensir, ta bi layin da alƙalami da tawada, ba karkarwa, ba gogewa, kuma dole kaurin layin ya zama daidai da na wadda ke zaune kusa da ita, domin in suka bambanta fuskar za ta yi ta rawa a allo. Daga nan wata ta karɓa ta juya ledar ta shafa fenti ta baya, launi bayan launi, kowanne da lambarsa, tana jira ɗaya ya bushe kafin ta sa na gaba. Layin da 'yan kallo suka gani a allon silima, tun daga Snow White har zuwa ƙarshen shekarun 1950, ba na babban mai zane ba ne, nasa fensir ne ya tsaya a takarda. Abin da kyamara ta ɗauka layin hannun waɗannan mata ne. A watannin ƙarshe na shirya Snow White sun yi aiki dare da rana, har Asabar da Lahadi, albashin da yawa daga cikinsu bai kai dala 20 a mako ba, a lokacin da manyan masu zane suke karɓar ɗaruruwa. Wannan giɓi yana cikin abubuwan da suka haddasa yajin aikin da ya girgiza kamfanin a 1941. Hatta Adriana Caselotti, wadda ta yi muryar Snow White da waƙoƙinta, dala 970 aka biya ta, kuma ba a sa sunanta a fim ɗin ba.

Batun hanawa kuwa, akwai shaida a rubuce. A watan Yuni na 1938 wata budurwa daga jihar Arkansas ta nemi gurbin koyon zane a kamfanin Disney, aka mayar mata da amsa cewa mata ba sa yin aikin ƙirƙira a wajen shirya katun, samari ne kaɗai suke yinsa, saboda haka ba a ɗaukar 'yan mata a makarantar horaswa, abin da ya rage musu shi ne tawada da fenti. Wasiƙar tana nan har yau. Abin da ya fi ba ni mamaki game da ita shi ne, a ranar da aka rubuta ta ma ba gaskiya ta faɗa ba. Tun 1935 Bianca Majolie take cikin sashen tsara labari na kamfanin, kuma daga tunaninta aka yi gajeren fim ɗin Elmer Elephant na 1936. Sunan Dorothy Ann Blank yana cikin marubutan Snow White, na Hazel Sewell, shugabar sashen tawada da fenti, yana cikin masu tsara kamanninsa. Wato doka tana cewa babu su, aiki kuma yana fita daga hannunsu.

A wasu kamfanonin ƙofar ta ɗan buɗe tun da wuri. Lillian Friedman ta zama cikakkiyar mai zana motsi a kamfanin Fleischer na New York a 1933, LaVerne Harding ta kai wannan matsayi a kamfanin Walter Lantz shekara guda bayan haka, ta daɗe tana zana Woody Woodpecker. A Disney sai a 1942 aka ga sunan mace a cikin masu zana motsi, wato Retta Scott, kuma abin da aka ba ta a fim ɗin Bambi ba furanni ba ne ko tsuntsaye, karnukan farauta ne masu haƙora a waje, wurin da ya fi kowanne tsoratar da yara. Yaƙin duniya na biyu ya kwashe samari zuwa soja, dole ta sa aka fara horar da mata a aikin da aka ce ba nasu ba ne. Mary Blair kuma, wadda ta shiga kamfanin a 1940, ita ta tsara launukan Cinderella na 1950, da Alice in Wonderland na 1951, da Peter Pan na 1953. Shawarata gare ki a matsayinki na ɗaliba ita ce, duk inda kika ga an ce wance ce mace ta farko da ta yi kaza, ki riƙe maganar da sassauci. A 'yan shekarun nan ma mai bincike Mindy Johnson ta tono aikin Bessie Mae Kelley, wadda take zana motsi tun wajen 1920, bayan an daɗe ba wanda ya san da ita.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ɗan kasuwa ne, ɓangaren kuɗin ya fi dame ni. Na ji an ce mace ce ta fara ba Disney kwangila. Haka ne?
Daga wani mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, Kano.

Amsa: Haka ne, Alhaji. Sunanta Margaret Winkler, ta fara da aikin sakatariya a ofishin Harry Warner, ɗaya daga 'yan'uwan da suka kafa Warner Bros., daga baya ta buɗe nata kamfani na rarraba fina-finai ga gidajen silima. A farkon shekarun 1920 ita ke rarraba Felix the Cat da katun ɗin 'yan'uwan Fleischer, wato manyan hajojin kasuwar duka biyu suna hannunta. A takardunta M. J. Winkler take sa hannu, masu hulɗa da ita daga nesa da yawa sun ɗauka namiji ne. A 1923 Walt Disney matashi ne wanda kamfaninsa na Kansas City ya karye, ya aika mata samfurin wani fim da yarinya mai rai take yawo a cikin duniyar zane. Ta ba shi kwangila a kan dala 1,500 kowane fim, aka sa hannu ranar 16 ga Oktoba 1923, kuma wannan rana ce kamfanin Disney yake ƙirgawa a matsayin ranar kafuwarsa. Bayan ta auri Charles Mintz, harkar ta koma hannunsa. Shi ne ya ƙwace wa Disney zomon nan Oswald a 1928, abin da ya tilasta masa ƙirƙiro ɓeran da duniya ta sani. Labarin da iyalin suke bayarwa shi ne Mortimer ya so ya sa wa ɓeran, matarsa Lillian, wadda ita ma daga teburin tawada ta fara, ta ce sunan bai yi ba, a sa Mickey.

Tambaya: Malam, duk maganarku a kan Amurka da Jamus take. Sauran ƙasashen duniya fa?
Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Ka yi gaskiya, ɗan'uwa, kuma in aka leƙa waje za a ga wani abu da ya cancanci lura. Inda katun ya zama masana'anta mai hawa-hawa, can ne aka fi danne sunayen mata. Inda kuwa mutum ɗaya ko biyu suke aiki a ƙaramin ɗaki, ko gwamnati ce take biya ba kasuwa ba, sun fi samun damar riƙe linzami. A Tarayyar Sobiyet, ya da ƙanwa, Valentina da Zinaida Brumberg, sun ba da umarnin fina-finai wajen 50 a cikin kusan rabin ƙarni, yawancinsu a kamfanin gwamnati na Soyuzmultfilm wanda aka kafa a 1936. A garin Zlín na ƙasar Cek, Hermína Týrlová ta yi ta rayar da 'yan tsana da zaren ulu da ƙyallaye. A Ingila, Joy Batchelor da mijinta John Halas sun kafa kamfani a 1940, su suka yi Animal Farm a 1954, kuma sunanta yana jikin sunan kamfanin. A Kanada, Evelyn Lambart ta yi shekaru tana aiki kafaɗa da kafaɗa da Norman McLaren a hukumar fina-finai ta ƙasa, ko da yake shi aka fi yi wa kirari, Caroline Leaf kuma ta yi fim da yashi, tana tura shi da yatsa a kan gilashi mai haske. Japan ta fi kama da Amurka wajen tsarin masana'anta, amma Reiko Okuyama, wadda ta shiga kamfanin Toei a 1957, ta ƙi ajiye aiki bayan ta yi aure ta haihu kamar yadda ake sa ran mata su yi, ta kai matsayin mai duba zanen wasu. Launukan da ake yabawa a fina-finan Studio Ghibli kuma, mafi yawansu Michiyo Yasuda ce ta zaɓa.

Tambaya: Yanzu da kome ya koma kwamfuta, ai an daina wannan bambanci ko?
Daga wani ma'aikacin gyaran kwamfuta a Jos.

Amsa: Na'ura ta fara ne da cinye aikin matan. A fim ɗin karnukan nan masu ɗigo-ɗigo, wato 101 Dalmatians na 1961, kamfanin Disney ya yi amfani da injin Xerox wajen kwafe zanen fensir kai tsaye zuwa kan sel, masu bin layi da tawada da yawa suka rasa aiki. Fentin ma aka riƙa aika shi Koriya ta Kudu da Taiwan da Filifin inda ya fi araha, kafin kwamfuta ta fara karɓe shi daga 1990. Kujerar mai ba da umarni kuwa ta daɗe kafin ta samu. Sai a 1998 mace ta ba da umarnin dogon katun a babban kamfanin Amurka, wato Brenda Chapman, ita ma tare da maza biyu. Vicky Jenson tana cikin biyun da suka yi Shrek a 2001. Jennifer Yuh Nelson ce ta fara riƙe irin wannan fim ita kaɗai, Kung Fu Panda 2 na 2011, wanda ya tara sama da dala miliyan 660. Chapman ɗin nan ita ta ƙirƙiro labarin Brave a kamfanin Pixar, aka sauke ta ana tsakiyar aiki aka ɗora namiji, daga ƙarshe suka karɓi lambar Oscar tare a 2013. A shekarar ne Frozen ya fito, wanda Jennifer Lee ta rubuta kuma ta ba da umarninsa tare da Chris Buck, a 2018 ta zama shugabar sashen ƙirƙira na kamfanin da ya rubuta waccan wasiƙa shekara 80 kafin nan.

Tunda sana'arka ce, ga labarin da za ka fi kowa jin zafinsa. A 1998 ana cikin shirya Toy Story 2 a kamfanin Pixar, wani ya ba kwamfuta umarnin gogewa a inda bai kamata ba, ma'aikata suna kallo siffofin fim ɗin suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, kafin a zare wuta kusan kashi 90 cikin 100 ya tafi. Aka je ga ma'ajiyar da ake adana kofi, ashe ta daɗe ba ta aiki daidai. Sai Galyn Susman, shugabar ɓangaren fasaha ta fim ɗin, ta tuna cewa tana da kofi a gida, domin ta haihu ba da daɗewa ba, tana jego tana aiki daga ɗakinta. Aka je aka naɗe kwamfutar da barguna, aka ɗaura mata bel a kujerar mota, aka kawo ta ofis a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. A 2023, da kamfanin ya rage ma'aikata, tana cikin waɗanda aka sallama.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. 'Yata mai shekara 14 ba ta da aiki sai zane a bayan littattafan makaranta, yanzu ta ce katun take so ta koya. A Afirka akwai waɗanda suka yi, balle mata? Kuma da me za ta fara, mu da ba mu da manyan na'urori?
Daga wata uwa a Tawa, Jamhuriyar Nijar.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Daga inda kika rubuto ma amsar ta fara, domin a garinku Moustapha Alassane ya zauna ya yi aiki shekaru masu yawa, kuma yana cikin waɗanda ake ƙirgawa a matsayin iyayen katun a Afirka. An haife shi a 1942, tun yana saurayi yake haɗa akwati da fitila yana haska wa mutane zanensa, daga baya ya je Kanada ya ƙaro sani a wurin Norman McLaren da muka ambata. A 1966 ya yi Bon Voyage Sim, inda shugaban wata ƙasar kwaɗi ya tafi ziyarar aiki da dukkan shagulgulanta, kowa ya san da waɗanda yake. Ya kuma yi wani da 'yan tsana mai suna Kokoa, wato kokawa, dabbobi ne suke karawa a fage da makaɗa da 'yan kallo. Ya rasu a 2015.

Mata kuwa, a Masar Mona Abul Nasr ta ƙirƙiro Bakkar a 1998, labarin wani yaro Banube, wato ɗan ƙabilar Nubiya ta kudancin Masar, da akuyarsa, wanda yara suka saba jira a talabijin a cikin watan azumi. Marguerite Abouet 'yar Kwaddibuwa ta mayar da littattafanta na labarin Aya, budurwar unguwar Yopougon ta Abijan, zuwa dogon fim a 2013 tare da Clément Oubrerie. Ng'endo Mukii ta Kenya ta yi gajeren fim a 2012 a kan shafe-shafen man bilicin, batun da ba sai an yi mana bayaninsa ba. A Najeriya, Blessing Amidu, wadda ilimin duwatsu ta karanta ta yi aiki a harkar mai, ita ta ɗauki nauyin Lady Buckit and the Motley Mopsters, dogon katun na farko da aka yi a ƙasar aka nuna a silima, a watan Disamba na 2020. A 2023 Netflix ya fara nuna Supa Team 4 na Malenga Mulendema 'yar Zambiya, kuma matan Afirka ne suka rubuta shi.

Game da kayan aiki, akwai manhajoji na kyauta irin su Krita na zanen hannu da Blender, wanda da shi aka yi Flow, fim ɗin ƙasar Latbiya da ya ci Oscar a 2025. Amma ni da za ta ji shawarata, kada ta fara da kwamfuta. Ki samo mata baƙin kwali, da almakashi mai kaifi, da zare ko siririyar waya, da gilashin tsohon firam na hoto. A ɗora gilashin a kan bulo biyu, a shimfiɗa farar takarda a kansa, a sa tocila a ƙasa, a ɗaure waya mai kyamara a sama yadda ba za ta motsa ko kaɗan ba, domin in ta gusa aikin ya lalace. Ta yanka Gizo ko Ƙoƙi, gaɓa-gaɓa, ta matsa ƙafa ɗaya kaɗan ta ɗauka, ta sake matsawa ta ɗauka. Akwai ƙananan manhajojin waya da suke jera hotunan su mayar da su fim. In ta bi lissafin 12 a daƙiƙa, hoto 120 zai ba ta daƙiƙa goma, aikin yamma ɗaya ke nan bayan ta dawo daga Islamiyya. In ta gama, ta yanka harrufan sunanta ta aza a kan gilashin, ta ɗauke su hoto 24 a jere, don su tsaya a allo daƙiƙa biyu.